Waken Keziah

A watan Maris na shekarar da na cika sittin da uku, mutanen garinmu suka yi niyyar yanka hanya ta kan itacen tuffar matata. Ba haka suka rubuta ba, ba shakka. Abin da aka manna a ƙofar ɗakin taro shi ne, a duba ko gari zai buɗe sabuwar hanya daga mararraba zuwa gidan niƙa, ta gefen gabas na gonar Lemuel Thaxter. Lemuel Thaxter ni ne. Gefen gabas na gonata kuwa babu komai a cikinsa sai duwatsu da itace guda ɗaya, wanda Keziah ta dasa da hannunta shekarar da muka yi aure. A inuwarsa take ɓare wake, take ɗinki, take yanke wa yara hukunci, har sanyin da ciwon ƙirji ya ɗauke ta, shekara biyu kafin wannan magana.

Rubutun takardar mai kyau ne, mai tsabta. Tun daga nesa na gane shi, domin ni na koya wa mai shi riƙe alƙalami. Asahel ne, babban ɗana, wanda aka zaɓa magatakardar gari shekarar da ta gabata.

Zan faɗi gaskiya game da hanyar, tunda yanzu ba ta da sauran amfani a gare ni. Tsohuwar hanya tana hawa tudu ne ta gangara cikin laka. Duk lokacin da ƙanƙara ta narke sai ka ga keken shanu ya nutse har gindi, mai shi yana tsaye yana faɗin kalmomin da zai nemi gafara a kansu ranar Lahadi. Masu awon fili sun zo da sarƙar awonsu sun gwada ko'ina. Arewa da itacen falalen dutse ne, kudu da shi fadama ce. Duk na san wannan. Shekara arba'in ina koyarwa a makarantar garin, na karanta tarihin Rumawa da na Girkawa fiye da kowa a faɗin gundumar, kuma sani bai taɓa hana ni yin abin da na ga dama ba.

Keziah hunturu biyu kawai ta yi a makaranta. Da aka gama yaƙin neman 'yanci, maza suka dawo suna ta jawabi a kan kujeru, ita kuma tana tsaye a bakin murhu da Enos, autanmu, a kafaɗa. Wata rana na dawo gida ina yi mata bayanin abin da ake nufi da jamhuriya, tun daga asalin kalmar. Ta bar ni na kai ƙarshe, abin da mutane kaɗan suka taɓa yi mini. Sannan ta nuna ƙarƙashin tebur da ludayi, inda Asahel da Tamar ke faɗa a kan ƙashin kaza.

"To, Malam, mun kori sarki," in ji ta. "Ga waɗanda za su gaje shi nan, da majina a hanci. Wa zai koya musu?"

Na ce makaranta. Ta ce makaranta wata uku take yi a shekara, tebur kuwa sau uku a rana.

Daga wannan makon ta kafa dokar akushi. Kowace Asabar bayan an ci abinci sai ta share tebur, ta ɗauko akushin katako ta rufe shi da ƙyalle. Kowa ta ba shi ƙwayar masara ɗaya da ƙwayar wake ɗaya, yadda kakanninmu ke yi a zaɓe tun da. Masara na nufin an yarda, wake na nufin an ƙi. Ka cusa hannu ƙarƙashin ƙyalle ka saki ɗaya. Duk wanda ya kai shekara bakwai yana da ƙwaya, namiji ko mace, kuma ƙwayar maigida girmanta ɗaya da ta kowa. Na nuna mata cewa babu wata jamhuriya a tarihi da ta taɓa ba ɗan shekara bakwai ƙuri'a. Ta ce waɗannan jamhuriyoyin nawa ai duk sun rushe, a cewar littafina.

Ba komai ake sa wa a akushi ba. Zuwa coci, wanke wuya da shan magani ba su taɓa shiga ba. Amma wa zai kwana kusa da murhu, wane suna za a sa wa maraƙi, ko a ajiye karen da ya biyo Enos gida, duk waɗannan akushi ke yankewa. Dokokinta uku ne, yara kuma sun haddace su kafin su haddace jadawalin lissafi. Ba a tambayar mutum abin da ya jefa. Kafin a ƙirga ƙwaya sai an ƙirga kawuna. Wanda aka kayar kuma shi ke fara sa hannu a aikin da aka yanke. Tamar ta jefa wake a kan karen, ta faɗi da bakinta cikin kuka, kuma ita aka sa ta fara kai masa abinci. Karen ya mutu shekara goma sha ɗaya bayan haka da kansa a cinyarta.

Ita Keziah ba ta taɓa jefa ƙuri'a a taron gari ba, ba kuma za ta taɓa ba ko da ta kai shekara ɗari, domin mata ba su da ƙuri'a. Kowace shekara ranar bikin 'yanci wani mai babbar murya yakan hau mumbari ya yabi iyaye mata, ya ce su ne ginshiƙin ƙasa, sannan a sauka a cinye abin da ginshiƙan suka kwana biyu suna dafawa. Na taɓa tambayarta ko abin yana mata ciwo. Ta ce yana yi mana. Ta ci gaba da tankaɗe garinta, can ta ƙara da cewa amma ita maza uku take aikawa taron, biyu daga cikinsu kuma sun samu tarbiyya.

Sau ɗaya na yi maguɗi a akushin nan. Asahel yana da shekara goma sha uku lokacin. Na saba kowace Asabar in karanta musu tarihin Rum na sa'a guda, da murya mai kyau, ina tsayawa in yi ƙarin bayani. Sai Asahel ya kawo shawara, cikin ladabi, wai a gwada ko iyali na so a ci gaba da wannan karatu, ko kuwa a riƙa karanta jaridar mako ana karɓa-karɓa. Masara a ci gaba da Rum, wake a koma jarida. Na duba fuskoki huɗu a teburin, na ga ba ni da kowa. Akwai wata ƙwayar masara da ta faɗi kusa da farantina. Na rufe ta da tafin hannu.

Keziah ta ƙirga kawuna, biyar. Ta buɗe ƙyalle ta zube akushin. Masara uku, wake uku.

Ba ta dube ni ba. Ba ta dubi kowa ba. Ta jera ƙwayoyin da ɗan yatsa ta sake ƙirgawa a hankali, don Enos ya bi lissafin.

"Mu biyar ne, ƙwaya shida," in ji ta. "Wani ya jefa biyu, wato an sace ta wani ke nan. Mu ɗauka tawa aka sace. Ni na saba."

Ta miƙa hannu ta cire ɗaya. Masara ta cire. Sai da na kwanta na gama lissafin: masara biyu tawa ce, ta ukun kuwa tata. Duk gidan ita kaɗai ke son jin muryata. Bisa dokarta, ni na ɗauki littafin Rum da hannuna na mayar kan kantar littattafai, na ɗauko jarida na miƙa wa Asahel. Ba ta taɓa ta da maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta, ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Ina tsammanin akwai lokaci.

To, wannan Asahel ɗin ne ya rubuta takardar hanya, ya kuma bi masu awo yana riƙe musu sarƙa har gindin itacen uwarsa. Tun ranar awon nan, wata shida kafin taron gari, na daina yi masa magana. Ya zo gida ranar Lahadi bayan coci, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu, mutum mai 'ya'ya huɗu. Ya ce aikin magatakarda ne ya rubuta abin da mutum goma suka sa hannu suka nema, ko yana so ko ba ya so. Na juya wajen Tamar, wadda ke zaune tare da ni da mijinta da 'ya'yanta tun rasuwar uwarsu, na ce ta tambayi magatakarda me zai jefa a taron gari ranar Litinin.

"Baba, ka san ba a tambaya," in ji Asahel.

Na ce wa Tamar ta gaya wa magatakarda na ji amsarsa sarai.

"Ni ba ɗan aike ba ce," in ji ta. "Ga shi ga ka. In kun gama ku matsa mini, kuna tare haske."

Ranar Litinin da safe na sa baƙar rigata ta zuwa coci. Na san da masara da wake za a yi, domin haka garinmu ke yi duk lokacin da magana ta shafi gonar maƙwabci, don kada mutum ya ɗaga hannu maƙwabcin na kallonsa. Na kuma ƙirga mutanen garin a kaina, gida-gida, fiye da sau goma, kullum sai in ga abin ya zo kusa da kusa. Tamar ta ba ni baya tana cuɗa ƙullu. Tulun da Keziah ke ajiye irin wake yana kan kanta inda ta bar shi. Na buɗe na ɗauki ƙwaya ɗaya na sa a aljihun ciki. Ban duba ta ba. Wake ai wake ne.

Ɗakin taronmu shi ne cocinmu, babu murhu a ciki, numfashin mutane yana tashi kamar hayaƙi. Dattijo Hollis ya shugabanci taron, Asahel yana zaune gefensa da littafin gari. Aka zaɓi masu duba shinge, aka zaɓi mai kama aladun da suka ɓalle, wanda kamar kullum aka ɗora wa wanda ya yi aure kwanan nan, aka yi dariyar da aka saba yi. Sannan aka zo kan hanya.

Babban mai goya mini baya shi ne Jabez Stickney. Ba don Keziah ba. Tsohuwar hanya ta ƙofar masaukinsa take bi, kuma mutumin da kekensa ya maƙale a laka yakan ji ƙishirwa. Jabez ya tashi ya yi magana a kan haƙƙin tsoho da hawayen maraya har muryarsa na rawa. Wani daga baya ya tambaye shi ko hawayen da kofi yake sayar da su ko da kwalba.

Ni ma na tashi. Na yi niyyar in ce itacen matata ne, ku bar mini shi, in zauna. Da na faɗi haka da watakila na ci. Amma da na ga fuskoki saba'in suna kallona, rabinsu na taɓa zane su da bulala saboda leƙen allon wani, sai tsohon hali ya motsa. Na fara daga dokar filaye ta Rumawa. Na kai kusan rabin sa'a kafin Dattijo Hollis ya yi tari ya ce Malam, rana tana yi. Ina jin na rasa mutum biyar tsakanin Rum da wurin zamana.

Aka ajiye kwando biyu a kan tebur, ɗaya masara, ɗaya wake, da hular Dattijo Hollis an rufe ta da ƙyalle. Masara a yi hanya, wake a bar ta. Muka jeru. Kowa ya ɗauki ɗaya-ɗaya daga kwandunan, ya saki guda a hula, ya sa ɗayar a aljihu ya kai wa kaji. Na lura Asahel yana ɗiga alƙalami a gefen takarda duk lokacin da mutum ya wuce, abin da tsohon magatakarda bai taɓa yi ba, amma ban ba abin muhimmanci ba. Da na iso gabansa ban dube shi ba. Na cusa hannu ƙarƙashin ƙyalle na buɗe yatsuna. Na ji ƙara biyu ƙanana. A kunnena kamar an jefa duwatsu a rijiya.

Asahel ya zube hular a kan tebur ya ware. Masara talatin da shida. Wake talatin da shida.

A dokar taro, in aka yi kunnen doki magana ta faɗi. Itacen ya tsira. Jabez ya buga ƙafa a ƙasa, ya juyo ya damƙi kafaɗata. Dattijo Hollis ya ɗaga gudumarsa ta katako zai rufe magana.

"A dakata, ranka ya daɗe," in ji Asahel.

Yana kallon takardarsa. Ya bi ɗigon da yatsa daga sama har ƙasa. Sannan ya dubi tarin waken, ya daɗe yana dubansa. Na san wannan fuskar, fuskar da yake yi ce yana yaro in ya gane amsar lissafi amma amsar ba ta yi masa daɗi ba. Ba wanda ya ƙirga kawuna sai shi. Da ya yi shiru, da ba wanda zai taɓa sani.

"Mu saba'in da ɗaya ne a ɗakin nan, ƙwaya saba'in da biyu," in ji shi. "Wani ya jefa biyu, wato an sace ta wani ke nan. Mu ɗauka tawa aka sace." Ya miƙa hannu cikin tarin waken da sauri, ya ɗauki ɗaya ya dunƙule. "Wake na jefa. Na janye shi. Masara talatin da shida, wake talatin da biyar."

Abu biyu suka same ni lokaci ɗaya, ban san wanne ya fi nauyi ba. Na ji maganar matata ta fito daga bakin mutum mai gemu. Na kuma gane wata shida ina gaba da wanda ke ɓangarena.

Ɗakin ya ruɗe. Jabez ya hau kan benci. Ya ce wa ya ce ƙwayar da ta ƙaru wake ce? In masara ce fa? In masara ce, ai masu wake ne suka ci, talatin da shida da talatin da biyar. Ya ce kowa ya ga magatakarda yana riƙe wa masu awo sarƙa, kowa ya san uban matarsa ne mai gidan niƙa. Yanzu kuma ga shi a gaban jama'a ya sa hannu a ƙuri'ar gari ya cire wadda ta tsaya masa a wuya, wai tasa ce. Wa ya shaida? Mutumin da zai sayar da itacen uwarsa, me ba zai sayar ba? Maganar Jabez tana da hujja, abin da ya sa ta fi ƙona rai ke nan. Mutane suka fara gyaɗa kai, har da masu masara. Wani ya ce a karɓe littafin gari daga hannunsa. Dattijo Hollis ya juya ya tambayi Asahel ta yaya ya san wake ne ya ƙaru.

Asahel ya ce ba shi da abin da zai ƙara. Hannunsa na dama yana dunƙule a kan tebur.

Ina zaune. Ina so a san cewa na zauna, na kuma yi lissafi, domin na karanta labaran mutanen da ake cewa sun miƙe nan take, ban yarda da ko ɗaya ba. In na yi shiru za a sake jefa ƙuri'a, kuma da fushin da ke ɗakin, wake zai ci da rata mai yawa. Itacen zai tsaya. Asahel kuwa ba za a sake ba shi ko ajiyar igiya ba a garin nan, 'ya'yansa kuma za su tashi ana kiransu 'ya'yan wanda ya taɓa hula. Kuma ba zai taɓa buɗe bakinsa ba. Na san wadda ta rene shi.

Gwiwoyina suka yi ƙara da na miƙe.

"Asahel, buɗe hannunka."

"Baba, ka zauna."

"Ni na haife ka. Buɗe."

Ya buɗe. Dattijo Hollis ya sa tabarau ya sunkuya. Waken kwandon gari fari ne tas, ƙanana. Wanda ke tafin Asahel ya fi su girma, kuma yana da jan ɗigo a ciki kamar ido. Ni a lokacin na fara ganin bambancin. Shekara talatin da ɗaya ina cin waken nan kowace Asabar, zan iya lissafa maka sarakunan Rum a jere da shekarunsu, amma ban san kamannin abin da ke cikin farantina ba.

"Wannan ai waken Keziah ne," in ji Dattijo Hollis a hankali.

Ba wanda ya nemi ƙarin shaida. Babu gidan da tukunyar waken nan ba ta shiga ba a garin, ranar ɗaga rufin rumbu, ranar haihuwa, ranar da aka fitar da gawa. Kowa a ɗakin ya san shi sai ni.

Na ce daga tulunta na ɗauko shi da safe, na jefa shi tare da na kwando. Na ce magatakarda ya ƙirga daidai, an kayar da mu da ƙwaya ɗaya. Wannan shi ne jawabi mafi gajarta da na taɓa yi a ɗakin nan, shi kaɗai ne kuma aka saurara har ƙarshe. Jabez ya sauko daga benci bai dube ni ba. Aka ci ni tarar da doka ta tanada, aka kuma hana ni jefa ƙuri'a shekara guda. Da ɗaga hannu aka yi wannan, ba wanda ya ji kunyar maƙwabci. Wani ƙato da na taɓa tsayar da shi a lungu wuni guda saboda satar amsa ya ɗaga hannu biyu, Dattijo Hollis ya ce masa yau dai ɗaya ya isa.

Muka fito tare da Asahel. Muka yi tafiya mai nisa cikin laka. Can na ce masa da ya yi shiru tun farko da itacen ya tsira, tunda shi ma abin da yake so ke nan.

"Na yi tunanin haka," in ji shi. "Sai na ga kamar tana tsaye a bayana tana ƙirgawa da ni."

Na ce uwarsa ba ta taɓa iya barin lissafi ya wuce ba. Ya ce wancan karon na akushi ma ai sun san ni ne, su duka ukun, tun kafin ta buɗe ƙyalle. Enos ya ga hannuna. Na ce ashe shekara ashirin da 'yan kai ina zaune cikin munafukai. Ya ce ba a tambayar mutum abin da ya jefa, Baba.

Labari ya riga mu isa gida. Tamar ta zuba mini abinci, ta ajiye farantin da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Wake ne. Da na gama ta ce in biyo ta. Ta kai ni ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ta yaye wani buhu daga kan akwati cike da yashi mai danshi. A ciki akwai 'yan rassa siriri kamar alƙalami, an ɗaure su da zare, sun kai ashirin. Ta ce daga itacen Inna ta yanko su tun makon da aka manna takarda. Akwai ƙananan itatuwan tuffar daji a bayan rumbu, in ƙasa ta yi ɗumi za ta yi musu aure da waɗannan, wato ta tsaga su ta ɗaura rassan a jikinsu, 'ya'yan da za su bayar irin na Inna ne sak.

Na tambaye ta ta yaya ta san za a kayar da mu.

"Ban sani ba. Inna ce ke cewa duk wanda zai shiga ƙuri'a ya tanadi abin da zai yi in ya faɗi." Ta mayar da buhun. "Sannan na ji an ce za ka yi jawabi."

Aka sa ranar fara aikin hanya a watan Mayu, itacen yana cike da fure. Doka ta ɗauke wa wanda ya haura sittin aikin hanya, ba wanda ya sa ran ganina. Na riga kowa zuwa, da gatarin da Asahel ya wasa mini. Da mutane suka taru da shanunsu sai suka tsaya nesa kaɗan suna duban ƙasa. Na ce musu a gidanmu wanda aka kayar shi ke farawa. Asahel ya cire rigarsa ta sama ya ce in haka ne mu biyu ne.

Ban taɓa iya gatari ba. Sarana na farko ya zame ya ɗauke ɓawo kawai, furanni suka zubo mini a hula da wuyan riga. Na biyu ya shiga. Na yi biyar, numfashina ya ƙare, Asahel ya karɓa. Ban tsaya na ga faɗuwarsa ba, amma na ji ta daga bakin rumbu, inda Tamar ke durƙushe tana naɗe auren rassa da tsumma da kakin zuma. Ba ta ɗago ba. Ta ce in riƙe mata nan.

Rassa sha ɗaya suka kama cikin ashirin. Ba zan ci 'ya'yansu ba, na yi wannan lissafin ma. Hanyar kuwa, abin haushi, hanya ce mai kyau.

Har yanzu akushin yana fitowa kowace Asabar, Tamar ke riƙe da shi. Asabar ta farko bayan taron 'yarta ta fari ta kawo shawara cewa hukuncin gari ya bi Kaka har gida, aka yarda, babu wake ko ɗaya. Don haka shekarar nan ba ni da ƙwaya, aikina riƙe ƙyalle. Makon jiya na nemi alfarma a gwada ko iyali za su so in karanta musu ɗan tarihin Rum, rubu'in sa'a kawai, ba ƙarin bayani. Tamar ta ƙirga kawuna, shida ban da ni, ta sa na nuna mata tafin hannuwana biyu, sannan ta zube akushin. Wake biyar, masara ɗaya.

Na mayar da littafin kan kanta da hannuna. Ban tambayi wanda ya jefa masarar ba.